Hanyar Gicciye: Ziyarar Wanda Ba Shi da Guzuri

  An ce in yi magana a kan addu'ar da ake yi ana tafiya, wadda muke kira Hanyar Gicciye, in faɗi inda ta samo asali. Da izininku, daga gida zan fara.

Cocin ƙauyen da na tashi ginin ƙasa ne mai rufin kwano. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Abin da ke jikin bango kawai 'yan gicciye ne na katako guda goma sha huɗu, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba, bakwai a dama, bakwai a hagu, da lamba a ƙarƙashin kowanne an rubuta da farin fenti. Fada sau ɗaya yake zuwa a wata, a kan babur. Saboda haka duk Juma'a a cikin azumin kwana arba'in, da la'asar sakaliya, Malam katikis ne yake buga ƙarfen wilin motar da aka rataye a jikin darbejiya, jama'a su taru. Yaro ɗaya ya riƙe gicciye a gaba, Malam ya bi da littafinsa da ya sha liƙi, mu kuma mu biyo. A tsaya, a durƙusa, a ji karatu, a miƙe, a yi taku huɗu ko biyar, a sake tsayawa.

Kakata tana fama da ciwon gwiwa. Durƙusawa ba ta yi mata wuya kamar miƙewa. Sai ta dafa sanda da hannu ɗaya, ta dafa kafaɗata da ɗayan, in ji nauyinta ya sauko a kaina, sannan ta taso a hankali. Malam ba ya motsawa sai ya ga ta miƙe. Wata Juma'a na gaji, na raɗa mata na ce, "Kaka, wai ina za mu je ne, muna ta zagaya ɗaki?" Ta ce, "Urushalima za mu." Wannan tsohuwa iyakar tafiyarta a duniya kasuwar garin da ke kusa da mu. Na yi shekaru ina karatun tarihin Ikilisiya kafin in gane cewa amsar da ta ba ni ita ce asalin wannan ibada, babu ragi babu ƙari.

Littattafanmu suna kiran waɗannan wurare goma sha huɗu tashoshi. Ni na fi son in ce zango. Bahaushe ya san zango tun zamanin fatake: inda ayari yake sauke kaya, a shayar da jakai, a huta, gobe a ɗaura. Kakannin maƙwabtanmu Musulmi da suka nufi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Darfur, sun yi shekaru suna ƙirga zango, wasunsu ma a Sudan suka zauna har yau zuriyarsu na can. Zango ba gida ba ne, duk wanda ya sauka ya san zai tashi. Kalmar Latin da aka fara amfani da ita ma ma'anarta ke nan, wurin tsayawa. A yau zango zan riƙa cewa.

Marubutan Linjila ba su tsawaita a kan tafiyar Yesu daga gaban Bilatus zuwa Golgota ba. Yohanna ya ce ya fita ɗauke da gicciyensa. Matiyu da Markus da Luka sun ce sojoji sun tilasta wa wani mai wucewa, Saminu Bakurane, ya ɗauka. Luka shi kaɗai ya ƙara da labarin matan da suka biyo suna kuka, Yesu ya juya ya yi musu magana. Shi ke nan. Ba sunan titi, ba adadin taku. Shi birnin ma bai daɗe a yadda yake ba: sojojin Roma suka rushe shi a shekara ta 70, kuma a wajajen 135 Sarki Hadiriyan ya sake gina shi da sababbin tituna da sabon suna. Kusan shekara ɗari uku Kirista ba su da damar fitowa fili su yi jerin gwano, domin addininsu ba shi da izini a daular. Sai a 313 Sarki Kustantin ya sakar musu mara. Mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar a wajajen 326, kuma a 335 aka keɓe babban cocin da aka gina a kan Golgota da kabarin.

Daga nan hanya ta buɗe, kuma a nan nake so mu ɗan zauna tare da wata mata mai suna Egeriya. Daga can yammacin Turai ta taso, ta zauna a ƙasa mai tsarki tsakanin 381 da 384, tana rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida duk abin da ta gani. Rubutun nata ya ɓace ƙarnuka da dama, sai a 1884 aka tsinci wani sashe nasa a garin Arezzo na Italiya. Ba don ita ba, da abin da muka sani game da Mako Mai Tsarki a tsohuwar Urushalima bai taka kara ya karya ba.

Ta ce ranar Lahadin Ganyen Dabino, da yamma, jama'a suna gangarowa daga Dutsen Zaitun a ƙafa, bishof a tsakiyarsu, manya da talakawa ba mai hawa dabba. Yaran da ba su iya tafiya ba iyaye suna saɓa su a kafaɗa, kowane yaro da reshen dabino ko na zaitun a hannu. Kuma ta lura cewa a hankali ake tafiyar, don kada mutane su jigata. Daren Alhamis kuwa a kan dutsen ake kwana ana addu'a. Da carar zakara ta fari sai a fara saukowa zuwa Gatsemani, da kyandir fiye da ɗari biyu don haska hanya, mutane sun galabaita da azumi da rashin barci, ga gangara, ana jan ƙafa. A wurin sai a karanta labarin kama Yesu, jama'a su ɓarke da kuka da nishi, har ta ce ana iya jin su daga cikin birni. Sukan isa ƙofar gari daidai lokacin da gari ya fara wayewa, mutum ya soma gane fuskar na kusa da shi. Su ratsa birni har cocin Golgota, bishof ya yi musu sannu, ya ce su je su ɗan zauna a gida su dawo. Da hantsi a fito da itacen da suka yi imani shi ne na gicciyen, bishof ya danne shi da hannuwansa, dikinoni su kewaye shi suna tsaro, domin an ce wani ya taɓa gatsar ɗan guntu da haƙori ya tafi da shi. Jama'a su bi layi ɗaya bayan ɗaya suna sumbata. Daga tsakar rana zuwa ƙarfe uku a tsaya a fili ana karatu.

Ku duba abin da ke cikin wannan labari. Ba zango goma sha huɗu, ba titin da ake bi yau. Amma duk ƙashin bayan abin yana nan: a je wurin, a tsaya, a karanta abin da ya faru a nan, a yi addu'a, a ci gaba. Kuma mai rauni shi yake yanka wa ayari saurin tafiya. Ran da na fara karanta wannan, Malam katikis ne ya faɗo mini a rai, yana tsaye da littafi a buɗe yana jiran tsohuwa ta miƙe.

Tun a wancan zamani akwai malaman da suka ja kunne. Giregori, bishof na Nissa, ya je Urushalima da kansa a wajajen 380, ya dawo ya rubuta wasiƙa yana cewa sauya wuri ba ya kusantar da mutum ga Allah, kuma imaninsa bai ƙaru ba bai ragu ba don ya ga wuraren. Jerom, wanda ya tare a Baitalami ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya rubuta wa wani abokinsa cewa ƙofar sama a buɗe take ga mutumin Birtaniya kamar yadda take ga mutumin Urushalima. Gaskiya suka faɗa. Amma ɗan Adam yana da ƙafa da gwiwa da ido, kuma yana so su ma su yi sujada. Wannan ja-in-ja tsakanin zuwa da kai da zama a gida ita ce ta haifi abin da muke yi yau.

Ƙarnukan da suka biyo baya zan ratsa su da sauri. Birnin ya koma hannun Musulmi a zamanin Halifa Umar, ziyara kuma ba ta tsaya ba. Mayaƙan Turai masu ɗauke da alamar gicciye suka ci shi a 1099 da zubar da jini mai yawa, abin da babu Kiristan da ya kamata ya yi alfahari da shi. Salahuddin ya karɓe shi a 1187, kuma a 1291 Akka, sansanin mayaƙan Turai na ƙarshe mai ƙarfi, ya faɗi. A tsakiyar waɗannan yaƙe-yaƙe, a 1219, wani matalaucin sufi, Faransis na Assisi, ya ƙetare fagen daga a Dimyaɗ ta ƙasar Masar, ba takobi ba garkuwa, ya gana da Sarki Malik al-Kamil, ya dawo lafiya. Shi ne kuma a 1223 ya kawo sa da jaki da ciyawa a Greccio don ƙauyawa su ga yadda haihuwar Yesu ta kasance da idonsu. Halinsa ke nan, gani ya kori ji. Almajiransa suka gaji wannan hali, kuma a 1342 Fafaroma Clement na 6 ya tabbatar musu da aikin kula da wurare masu tsarki a madadin Ikilisiyar Katolika. Har gobe suna kan wannan aiki.

Su ne suke yi wa baƙi jagora a ƙarni na 14 da na 15. Mai ziyara yakan hau jirgin ruwa a Banis, ya yi makonni a teku cikin cunkoso da cuta da tsoron 'yan fashi, ya sauka a Yafa, ya hau jaki zuwa Urushalima. Da yawa ba su komo ba. Wanda ya isa kuwa kwanaki kaɗan ake ba shi, a zagaya da shi cikin hanzari. Abin mamaki, a lokacin daga Golgota ake farawa a nufi gidan Bilatus, wato ana bin hanyar a juye. Wani malami Bature daga Ingila, William Wey, ya je sau biyu, a 1458 da 1462, kuma yana cikin na farko da suka kira wuraren tsayawar da kalmar da ta zama sunansu. Ya lissafa goma sha huɗu, amma kaɗan ne daga cikinsu suka yi daidai da namu.

Yanzu mun iso zuciyar maganar. Mutum ya sha wannan wahala, ya dawo gida, ga uwarsa, ga matarsa, ga maƙwabcinsa manomi da ba zai taɓa tara kuɗin jirgi ba. Wace tsaraba zai kawo musu? Wasu sun kawo ƙasa a ƙulle, wasu ruwan Urdun. Masu zurfin tunani sai suka kawo awo. Suka ƙirga taku daga wannan wuri zuwa wancan, suka rubuta, suka zo suka shimfiɗa shi a garinsu. Álvaro, wani sufi na ɗariƙar Dominik, ya dawo ya gina ƙananan ɗakunan addu'a a kan tuddai kusa da Ƙurɗuba ta Andalus a farkon ƙarni na 15. A Nurambag ta Jamus, a wajajen 1500, masassaƙin dutse Adam Kraft ya sassaƙa alluna bakwai aka jera su daga ƙofar gari zuwa maƙabarta, da adadin taku a rubuce a jikinsu. Ana ba da labari a garin cewa attajirin da ya auno hanyar ya yar da takardar awon, sai ya sake ɗaura ɗamara ya koma Urushalima ya auno. A arewacin Italiya, Bernardino Caimi, wanda ya taɓa shugabantar 'yan ɗariƙar Faransis a ƙasa mai tsarki, ya fara gina wata sabuwar Urushalima a kan dutsen Varallo a ƙarshen ƙarni na 15. Yau akwai ɗakuna 45 a wurin, da mutum-mutumi sama da 800 masu girman mutum. A wancan lokaci adadin zango bai tsaya ba. Wani gari bakwai, wani goma sha biyu, wani fiye da haka.

Sai kuma littattafai suka shigo. A 1563 aka buga littafin wani sufi mai suna Jan Pascha a garin Luben na ƙasar Beljiyam ta yau. Ya tsara wa mai karatu tafiya ta kwana 365, kullum da nata zango da nata addu'a, mutum ya je Urushalima ya dawo yana zaune a ɗakinsa. Zangunan da ya jera na ranar gicciye su ne kusan waɗanda muka sani. A 1584 wani fada ɗan ƙasar Holan, Adrichem, ya fitar da littafi mai taswirar Urushalima da zango goma sha biyu, daidai da goma sha biyun farko na namu. Littafin ya bazu, aka fassara shi harsuna da dama. Shi Adrichem bai taɓa taka Urushalima ba. A daidai wannan lokaci, wani maziyarci mai suna Zuallardo da ya je da ƙafarsa ya rubuta cewa a ƙarƙashin mulkin Turkawa ba a barin baƙi su tsaya a titi su yi wata ibada a fili. Wato a Urushalima ba a iya tsayawa, a ƙauyukan Turai ake tsayawa. Can ibadar ta girma ta yi kamanni. Da zamani ya sassauta, baƙi suka riƙa isowa da littattafansu a hannu suna tambayar ina zango na uku, ina na bakwai, har jagororin Urushalima suka daidaita hanyarsu da abin da mutane suka saba a gida. Waɗanda ba su je ba su ne suka tsara wa masu zuwa hanya.

Hukumar Ikilisiya daga baya ta biyo. A 1686 Fafaroma Innocent na 11 ya ba 'yan Faransis izinin kafa zangunan a cocinsu, da falala irin ta wanda ya je Urushalima. A 1726 Benedict na 13 ya buɗe wannan falala ga kowane mai bi. A 1731 Clement na 12 ya tsayar da adadin a goma sha huɗu. Mutumin da ya fi kowa yaɗa ta shi ne Leonardo na Porto Maurizio, mai wa'azi ɗan ɗariƙar Faransis da ya yi shekaru sama da arba'in yana zagaya Italiya. Ya kafa Hanyar Gicciye a wurare sama da 570. Mafi shahara ita ce ta Kolosiyam, tsohon dandalin da Romawa suke kallon zubar da jini, wadda aka keɓe ran 27 ga Disamba, 1750. Bai cika shekara ba bayan haka ya rasu.

Ƙa'idar da aka kafa tana da abin lura. Hoto ba dole ba ne. Abin da ake buƙata gicciye ne goma sha huɗu, bisa tsohuwar al'ada na itace, da tunani a kan shan wuyar Almasihu, da motsawa daga wannan zuwa wancan. In jama'a sun yi yawa, mai jagora ya motsa a madadinsu. Ashe cocinmu na ƙauye, da 'yan katakonsa da farin fenti, bai gaza cocin Roma da komai ba.

'Yan'uwanmu na wasu ikilisiyoyi suna da tambaya, kuma tambayar tana da nauyi. Sukan ce, ina aka rubuta cewa Yesu ya faɗi sau uku? Ina aka rubuta ya gamu da mahaifiyarsa a hanya? Wace ce Beronika da ta share masa fuska? Amsar gaskiya ita ce, waɗannan zanguna biyar ba sa cikin Linjila. Al'ada ce ta kawo su, kuma bai kamata mu ɓoye wa yaranmu haka ba. Shi ya sa a 1991 Fafaroma John Paul na Biyu ya bi wani tsari a Kolosiyam wanda duk zangunansa goma sha huɗu daga Linjila aka ɗauko, tun daga Gatsemani har kabari. Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da wannan, ƙofa a buɗe take. Ni dai ba na so a yar da tsohon tsarin. Mutumin da aka yi wa bulalar Romawa, aka ɗora masa gungume, har sojoji suka ga sai an nemo mai taimako, ba abin mamaki ba ne a ce ƙafarsa ta gaza. Kuma na ga abin da zango na tara, na faɗuwa ta uku, yake yi wa mutumin da ya yi alkawarin barin giya sau biyu ya koma. Na ga abin da zango na huɗu, na gamuwa da mahaifiyarsa, yake yi wa uwar da aka kawo mata gawar ɗanta. Talakawan da suka saka waɗannan zanguna sun san abin da suke nema.

Akwai kuma maganar masu binciken kufai. Da yawansu suna ganin Bilatus a fadar Hirudus ya yi shari'ar, a yammacin birni kusa da Ƙofar Yafa, ba a sansanin Antoniya da ake farawa yau ba. In haka ne, daga wata kusurwa dabam Yesu ya nufo Golgota. Bakan dutsen da ake nuna wa baƙi a farkon hanya ma na zamanin Hadiriyan ne, kusan shekara ɗari bayan gicciyewar. Wannan ba ya girgiza ni, kuma kada ya girgiza ku. Ibadar da ta girma a hannun waɗanda ba su ga titin ba, ba dutsen titi ne ya riƙe ta ba.

Duk da haka ina so ku san yadda titin yake a yau. Tsawonsa bai fi mita 600 ba, kuma kasuwa ce. Akwai masu gurasa, masu kayan yaji, yara 'yan makaranta, masu tura amalanke suna neman hanya. Duk Juma'a da yamma 'yan Faransis suna fitowa da rigunansu masu ruwan ƙasa su ja jama'a, kuma bisa al'ada daga harabar wata makarantar Musulmi, Umariyya, ake farawa. Zango tara suna kan hanya, biyar na ƙarshe a cikin cocin kabari. Kusa da na tara akwai mazaunin Kibɗawan Masar, da 'yan ɗakunan sufayen Habasha a kan rufi. Mabuɗin babbar ƙofar cocin kuwa ƙarnuka ke nan yana hannun gidajen Musulmi biyu, gidan Juda suna ajiye shi, gidan Nusaiba suna buɗewa da rufewa. Baƙinmu Musulmi na yau, kun ji kuna da hannu a wannan gida. Mu kuma 'yan Afirka kada mu manta da zango na biyar. Kurane, garin Saminu, a gabashin Libiya yake, kufansa na nan kusa da Shahat. Daga karkara yake shigowa, ba ruwansa da shari'ar kowa, aka damƙe shi aka ɗora masa kaya. Markus ya ambaci 'ya'yansa biyu da suna, Iskandari da Rufus, alamar masu karatunsa na farko sun san su.

Ina da damuwa biyu game da mu. Ta farko, tun da zuwa Urushalima ya yi sauƙi da jirgin sama, wasunmu sun dawo sun liƙa haruffa biyu a bayan sunansu don nuna sun je, ana ba su kujerar gaba. Ina taya duk wanda ya je murna da zuciya ɗaya, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma mutanen da na ba ku labarinsu, da suka dawo, taku suka auno wa maƙwabtansu. Wanda ya je a cikinmu, ina roƙonsa ya zo ran Juma'a ya tsaya a bayan tsofaffi, in an kai wani zango ya gaya wa yara yadda wurin yake. Ta biyu, matasanmu sun ƙware a wasan kwaikwayon Juma'a Mai Tsarki, da kayan sojoji da bulala da jan ruwa a madadin jini. Ƙoƙarinsu abin yabo ne. Sai dai na tsaya a bakin titi na ga rabin jama'a sun ɗaga waya suna ɗauka, wasu suna dariya in bulala ta sauka, an bar karatun ba mai ji. 'Ya'yana, ku rage ihu, ku bar shiru ya ɗan yi tsawo bayan kowane karatu, kuma ku sa masu sanda da masu goyo a sahun gaba, ku bi takunsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Fafaroma Paul na Shida ne ya farfaɗo da bin Hanyar Gicciye a Kolosiyam a 1964, kuma John Paul na Biyu ya yi shekaru yana ɗaukar gicciyen da hannunsa. Ran 25 ga Maris, 2005, ciwo ya hana shi fita. Aka nuno shi ta baya a ɗan ɗakin addu'arsa, yana zaune yana kallon jama'a a talabijin, kuma wajen ƙarshe aka miƙa masa gicciye ya rungume shi a ƙirji. Bayan kwana takwas ya rasu.

Kakata ma ta kai wannan matsayi. A azuminta na ƙarshe ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa. Da aka tashi daga coci, sai Malam katikis ya biyo ta gidanmu, ya tuɓe takalmi a bakin ɗaki, ya zauna a gefen tabarmarta. Ya ciro ɗan gicciyen da ke wuyansa ya sa mata a hannu, ya buɗe littafin. Duk zangon da ya kira, sai ta matsar da babban yatsanta kaɗan a jikin itacen, ta ce, "Mun iso." Ni ina bakin ƙofa da fitilar ƙwai, don duhu ya fara. A na goma sha ɗaya barci ya ɗauke ta. Malam ya rage murya, ya karanta sauran ukun har ƙarshe, sannan ya rufe littafi ya sa takalminsa.